Waiwaye: Ƴan Ƙofofin da ke Tsakanin Ƙwayoyin Jikinmu

Duk wanda ya tashi a cikin Birni, ko a tsofaffin gidajen Zango, ya san ƴar ƙofar nan da ake hudawa a katangar da ta raba gida biyu. Baƙo bai san da ita ba. Ta nan yarinya ke sunkuyawa ta ɗebo garwashi a kasko, ta nan gishiri da daddawa ke wucewa, ta nan mata ke jin naƙuda ta kama maƙwabciya tun kafin labari ya kai zaure. Buhun hatsi ba ya shiga, balle jaki. Da wannan ƙofa nake buɗe darasi duk shekara idan na zo koya wa ƴan lakwal yadda ƙwayoyin jiki ke hulɗa da juna, domin abin da masana suka yi shekara da shekaru suna lalube a jikin ɗan Adam, kusan shi ke nan.

Amma ba darasi ne ya sa na ɗauko zancen yau ba. Wata ƴar'uwata ce, auren zumunci aka yi mata, tana da yara biyar, biyu ba sa ji tun ranar da aka haife su. Ba su yi sanƙarau ba, ba su yi baƙon dauro ba. Ranar da na je gaishe su, gwaggonmu ta ja ni bakin rumbu ta ce, "Kai da ka yi boko, faɗa mini gaskiya, ɗana. Nonon uwar ne, ko iska ce?" Na ce, "Gwaggo, Allah shi bar mana ke, ba nono ba ne, ba kuma iska ba ce." Ta ce, "To, mene ne?" Amsar tana da tsawo, kuma ta faro tun kafin a haifi kakanninmu.

A shekarun 1838 da 1839 wasu Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka kafa maganar cewa jikin kowane mai rai tarin ƙananan ƙwayoyi ne, kowace da bangonta. Nan take tambaya ta taso: idan kowa yana cikin gidansa, yaya zuciya ke bugawa gaba ɗaya kamar ganga ɗaya? A 1877 Theodor Engelmann, wanda ya daɗe yana nazarin zuciyar kwaɗo, ya lura da wani abu. Lafiyayyun ƙwayoyi suna aiki tamkar jiki ɗaya, amma da zarar an yanki wani gefe, bayan ɗan lokaci sai na kusa da raunin su katse hulɗa da waɗanda suka lalace. Ya fahimci cewa tare suke rayuwa, amma kowace ita kaɗai take mutuwa. Bai ga ƙofar da idonsa ba, na'urorin zamaninsa ba su kai can ba. Ya dai ji ƙarar rufe ta.

Daga nan sai zancen ya kwanta, domin wata gardama ta danne shi. Golgi na Italiya ya ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa a haɗe suke kamar koma, Ramón y Cajal na Sifen ya ce a rarrabe suke, aka ba su kyautar Nobel tare a 1906 kowa na kan bakansa. Gaskiya ta fi karkata ga Cajal. Da Otto Loewi ya nuna a 1921 cewa jijiya tana aika wa zuciya saƙo ta hanyar wani sinadari da take fesawa, sai yawancin masana suka tsaya a kan cewa ƙwaya ba ta magana da ƴar'uwarta sai ta ɗan aike, wato a fita ta zaure a zagayo.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara warwarewa. A 1952 Silvio Weidmann, ɗan Suwizalan, ya soka siririyar allurar gilashi a zaren da ke kai lantarki cikin zuciya, ya ga lantarkin yana tafiya kusan milimita 2, alhali tsawon ƙwaya ɗaya bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Ke nan yana tsallake katanga bayan katanga ba tare da wahala ba. A 1957 Furshpan da Potter, a Landan, suka samu irin haka a jijiyar wani ɗan'uwan ƙaguwa na ruwan daɗi: saƙon da ke sa shi fizgar jela ya tsere, lantarki ne tsagwaronsa ke ƙetarawa daga jijiya zuwa jijiya. Sai kuma a 1964, a birnin New York, Kanno da Loewenstein suka ɗura wani rini mai ƙyalli a ƙwaya ɗaya ta jakar miyau ta tsutsar ƙuda, suka zuba ido rinin yana malala zuwa maƙwabta, bai zube waje ba. Wannan gwajin shi ya fi burge ni a duk tarihin, domin babu lantarki a aikin jakar miyau. Ya nuna ƙofar ba ta zuciya da jijiya kaɗai ba ce, ta kusan kowa ce.

Ganin ta ƙuru-ƙuru sai a 1967. Revel da Karnovsky, a jami'ar Harvard ta Amurka, suka jiƙa naman zuciya da na hantar ɓera da wani sinadari mai nauyi, lantanom, suka duba da madubin ilektoron. Sai ga wurin da bangaye biyu suka matso har ya rage nanomita 2 zuwa 4 tsakaninsu (nanomita miliyan ɗaya ke cika milimita ɗaya), ga kuma ƴan bututu jere reras kamar saƙar zuma sun ratsa giɓin. Masu Turancin Ingilishi suka raɗa mata suna daga giɓin, wato mahaɗa mai giɓi. A littattafan Faransanci da muke koyarwa da su kuwa ana ce mata mahaɗa mai sadarwa, kuma a ganina wannan sunan ya fi kama gaskiya.

Furotin ɗin da aka gina bututun da shi, Daniel Goodenough ya sa masa suna koneksin a 1974. Ginin nasa abin sha'awa ne. Koneksin shida ke zagayawa su yi zobe a bangon wannan ƙwaya, shida su yi a bangon waccan, zoben biyu su haɗa baki, ƙofa ta samu. Rabin ƙofa naka ne, rabi na maƙwabcinka, ba mai iya yin ta shi kaɗai. Abin da ke wucewa ƙanana ne: gishirin jiki irin su fotasiyom da kalsiyom, sukari, da ƴan sinadaran kai saƙo. Manyan furotin da kundin gado, wato umarnin ginin jiki da muke gada daga iyaye, suna zaune a gida. Kuma ba a barin ƙofa ta tsufa. A zuciya, cikin ƴan awoyi ake cire rabin koneksin a sa sabo, dare da rana. A 1986 aka karanto ƙwayar gadon koneksin na farko, wato sashen kundin gado mai umarnin gina shi, daga hanta, a 1987 na zuciya, aka riƙa sa musu lamba gwargwadon nauyinsu: koneksin 32, 43, 26. Yau an san iri 21 a jikin mutum. A 2009 masana a Japan suka fitar da cikakkiyar surar koneksin 26.

To, mu dawo gida, inda abin ya shafe mu.

Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma kowane bugu ta waɗannan ƙofofi umarni ke ratsa ta. Idan jijiyar jini ta toshe, wani yanki ya rasa iska, tsami da kalsiyom su taru a ƙwayoyinsa, sai ƙofofi su rufe. Abin da Engelmann ya hango ke nan, kuma rahama ce, don kada mutuwa ta bi layi. Sai dai a gefen tabon da ya rage, ƙofofin sukan ragu ko su koma inda ba wurinsu ba, lantarki ya riƙa ɓatan hanya yana kewaya wuri guda. Daga nan ake samun rikicewar bugun da kan kayar da mutum yana tsaye. An yi ƙoƙarin haɗa maganin da zai riƙe ƙofofin a buɗe, ɗaya mai suna danegaptide har an gwada shi a kan masu toshewar jijiyar zuciya, sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna amfani ba.

Mahaifa kuwa labarinta daban. Wata tara tana ɗauke da ciki, ƙwayoyin tsokarta kusan ba sa jin juna, kowace ta motsa ita kaɗai, shi ya sa ciwon marar da kan zo kafin lokaci yake lafawa. A 1977 Garfield da abokan aikinsa a Kanada suka gano a jikin ɓeraye cewa dab da haihuwa ƙofofin koneksin suna ɓullowa da ɗimbin yawa, tsoka duka ta zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Naƙudar gaske ke nan. Ina so a fahimce ni da kyau a nan: doguwar naƙudar da ke jawo wa ƴaƴanmu mata yoyon fitsari yawanci ba daga nan take ba, ƙugu ne ya yi wa kan ɗa kaɗan ko kwanciyarsa ba daidai ba, kuma maganinta a garzaya likita da wuri.

Ƙwayar ido da ke tattara haske ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, ta ƙofofin nan abinci ke isa tsakiyarta hannu da hannu. Idan koneksin 46 ko 50 ya zo da tangarɗa, sai a haifi jariri da yanar ido. A 1993 aka danganta koneksin 32 da wata cutar gado mai shanye jijiyoyin ƙafa da hannu. Cutar kansa ma tana ciki: tun 1966 Loewenstein da Kanno suka ga ƙwayoyin kansar hanta sun toshe ƙofofinsu, sun daina jin maganar maƙwabta, ko da yake daga baya an ga wasu kansoshin da suka yi nisa suna amfani da ƙofofin wajen yaɗuwa. Wani abin da zai ba mutanenmu mamaki, kinin da mefulokin, magungunan zazzaɓin sauro, suna cikin abubuwan da masu bincike ke rufe wasu ƙofofin da su a ɗakin gwaji.

Sai kunne, wanda shi ya kawo mu. Can ciki akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cike da ruwa mai yawan fotasiyom. Ƙwayoyi masu gashi su ke karɓar sauti, amma suna zaune ne a tsakiyar wasu ƙwayoyi masu yi musu hidima, waɗanda koneksin 26 da 30 suka sarƙe su da juna. Ta cikinsu fotasiyom da sukari da saƙonnin girma ke zagayawa. Idan babu ƙofofin, masu gashin ba sa tsayawa da ƙafarsu. A 1994 aka fara gano wurin matsalar a kundin gado ta hanyar nazarin wasu iyalai a Tunisiya masu auren zumunci, a 1997 Kelsell da abokansa a Ingila suka nuna koneksin 26 ne. Cikin ƴan shekaru ta tabbata cewa a Turai da gabashin Asiya shi ne kan gaba wajen kurumtar gado.

A Afirka fa? A nan ne ya kamata mu yi hattara da kwafo amsar wasu. A 1998 Brobby da abokan aikinsa suka gano wata tangarɗa ta koneksin 26 ta daban a Gana, wadda ake alaƙantawa da ƙauyen Adamorobe, inda kurame suka yi yawa har garin yake da tasa maganar hannu, masu ji ma suna yin ta. Binciken baya ya nuna ita ce sanadin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kurumtar da ke bin iyali a Gana. Amma da aka duba yara kurame a Nijeriya da Kamaru da baƙaƙen Afirka ta Kudu, tangarɗar koneksin 26 ba kasafai ake samun ta ba. Ƙwayoyin gadon da kan jawo kurumta sun haura 100. Don haka ban ce wa gwaggo koneksin ne ya sami jikokinta ba. Abin da na faɗa mata shi ne yadda irin wannan gado yake tafiya, ko wace ƙwaya ce: sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. Su biyun lafiya lau suke ji, kowannensu yana ɗauke da abin a ɓoye, kuma idan kakansu ɗaya, sun fi saurin haɗuwa a kai. Ya yi mini ciwo ƙwarai ganin shekara da shekaru yarinyar nan ita kaɗai ake yi wa kallon mai laifi, har ana zancen a ƙara wa mijin mata daga cikin dangin nan dai.

Kada kuma gado ya sa mu manta da abin da ya fi kusa. Muna tsakiyar yankin sanƙarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram tsakanin 1 ga Nuwamba 2022 da 27 ga Janairu 2023, 18 suka rasu, kuma cikin masu tsira daga wannan ciwo akwai waɗanda jinsu ke tafiya har abada. Ga baƙon dauro, ga kunne mai ruwa da ake bari ya daɗe, ga allurai irin jantamisin da ake yi ba bisa umarnin lokotoro ba. Waɗannan rigakafi da kulawa suna tare su. Shi kuwa yaron da aka haifa ba ya ji, ƙwaƙwalwarsa garau take, harshe take jira, kuma shekarun farko ne lokacinsa. In jariri bai firgita da faɗuwar kwano ba, in ya kai wata shida bai juyo ga muryar uwarsa ba, a kai shi a duba, a kuma fara masa maganar hannu tun a lokacin, gida duka a koya.

Da zan tafi, ƴar'uwar tawa ta rako ni zaure, cikinta ya fara fitowa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, wannan fa?" Na ce mata in dai irin gadon nan ne, kowane ciki lissafinsa daban, kashi ɗaya cikin huɗu, ba a bin layi, biyun da suka gabata ba su ƙara ba, ba su rage ba. Ta yi shiru tana juya maganar. Sai babbar ɗiyarta, mai shekara tara, ta fito ta taɓa mata hannu, ta murza yatsu kamar mai barbaɗa abu a tukunya, ta nuna katanga. Uwar ta gyaɗa kai, ta ɗaga mata yatsa ɗaya. Yarinyar ta ɗauki ƙoƙo ta sunkuya ta ƴar ƙofar, ta tafi karɓo gishiri.