Girman rikod wajen ƙirƙirar fayil

Girman rikod shine adadin bayit, wato ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta, da ake warewa kowane layin bayani a cikin fayil. A wasu manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta tun lokacin da kake buɗe sabon fayil za ka faɗi wannan adadin, kafin ka zuba komai ciki, kamar dai fom mai akwatuna da ake cikawa a makaranta, harafi ɗaya akwati ɗaya, in sunanka ya fi akwatunan tsawo to sai dai a gutsure shi.

Abin ya samo asali ne daga katin IBM mai huji na shigar da bayani a kwamfuta wanda ya fito a 1928 da gurbi 80. Da kamfanin ya kawo OS/360, manhajar tafiyar da manyan kwamfutocinsa, a shekarun 1960 sai lambar 80 ta biyo shi, har yau a z/OS da ta gaje ta, mai aiki zai rubuta LRECL wato tsawon rikod, da RECFM wato fasalinsa, da BLKSIZE wato yawan abin da za a kwasa a ɗauka ɗaya. In tsayayyen tsawo ne dole BLKSIZE ya zama ninkin LRECL, rikod 80 ya tafi da 800 ko 27920, bai tafiya da 1000. In mai canzawa ne kuma ana ƙara bayit 4 a gaban kowane rikod su faɗi tsawonsa. CP/M, tsohuwar manhajar tafiyar da ƙananan kwamfutoci, nata bayit 128 ne kawai.

Manhajar Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969 ita ta ce ba ruwanta, fayil jerin bayit ne, mai rubuta manhaja ya yanka yadda yake so. Linux da Windows duk haka suke, shi yasa yawancin masu shagon kwamfuta a Wunti ta Bauchi basu taɓa jin maganar ba, kuma ba laifinsu bane. Amma kalmar tana nan a ZFS, wani tsarin ajiye fayiloli, inda recordsize wato iyakar girman kowane gutsuren fayil yake zuwa a 128K, masu manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL sukan sauke shi kusa da 8K, girman shafin da take ajiye bayani a ciki, kuma canjin baya taɓa fayilolin da aka riga aka rubuta sai an sake kwafe su.

Wurin da ya fi shafarmu, kuma a ganina malaman kwamfuta ya kamata su dinga tsayawa a kai, shine bayit ba harafi bane. Ɗalibi a ATBU ko jami'ar jihar Gombe zai ware bayit 10 na suna yana lissafin haruffa, alhali a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci. Abdulƙadir harafi 10 ne amma bayit 11, sai r ɗin ƙarshe ya faɗi, in kuma yankan ya faɗa tsakiyar ƙ ɗin kanta sai kaga wata alamar tambaya ta fito a allo a madadinta.