Hayaƙin salansa da lafiyar masu tafiya

A asibitocin sha-ka-tafi na cikin birni, tari mai naci da cushewar ƙirji da tashin asma suna cikin ƙorafin da muke yawan ji, musamman da hunturu, lokacin da hazo ke haɗuwa da hayaƙi ya tsaya a kan gari. Sau da yawa mai ƙorafin direban adaidaita sahu ne, ko mai talla a bakin titi, ko yaron da makarantarsu ke kallon babbar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019, kuma ababen hawa suna da kaso mai tsoka a cikin wannan gurɓata a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Yamai.

Abin da ke fita daga salansa ba baƙin da ido ke gani kaɗai ba ne. Akwai ƙananan ɓurɓushi waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri kusan sau 30, suna wuce hanci da maƙogwaro su sauka can cikin huhu, wasu ma su shiga jini, inda suke taimaka wa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma jini ya fi kama ta fiye da iskar numfashi sama da sau 200. Ita ce ke sa direban da ya wuni cikin cunkoso ya koma gida da ciwon kai da jiri, ya ɗauka gajiya ce kawai, ya sha farasitamol ya kwanta. Yara ƙanana sun fi kowa shiga haɗari, domin tsayinsu ya yi daidai da bakin salansa, kuma huhunsu bai gama girma ba.

Yawancin motocinmu na hannu ne, sun tsufa kafin su iso mu. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, mafi yawansu zuwa ƙasashe masu tasowa. Tsufan mota ba laifin mai ita ba ne, amma abin da ake yi mata bayan ta iso laifinmu ne. Mafi muni shi ne cire abin nan da ke cikin salansa wanda makanikai ke kira indomi, a sayar da shi saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa. Aikinsa shi ne rage dafin hayaƙi kafin ya fita waje. Mai mota zai karɓi 'yan dubbai sau ɗaya, maƙwabtansa da iyalansa kuma su ci gaba da shaƙar ɗanyen hayaƙi har ranar da motar ta mutu. A ganina wannan ciniki ne na asara, kuma ya kamata ƙungiyoyin makanikai su hana shi a garejinsu. Mai mota shi ma ya riƙa dubawa, domin wani lokaci ana cirewa ba da saninsa ba.

Sauran gyaran ba su da tsada. Juye baƙin mai a kan lokaci, sauya matatar iska idan ƙura ta toshe ta, gyara filogi, da duba iskar taya kafin a kama hanya, duk suna rage shan mai da yawan hayaƙi a lokaci guda. Baƙin man da aka juye kuma kada a zuba shi a kwata, domin yana tsatsafa cikin ƙasa ya kai ga rijiyoyin unguwa. Direban da ke jiran lodi a Unguwa Uku ko Ƙofar Wambai, babu dalilin barin injinsa a kunne na rabin awa alhali fasinjoji da masu sayar da abinci suna zaune a bayan motar.

Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, mutane da yawa sun koma haɗa tafiya. Wannan ɗabi'a da tsada ta tilasta mana ta cancanci a riƙe ta ko da mai ya sauko. Ma'aikata huɗu da ke unguwa ɗaya suna zuwa sakatariya ɗaya ba sa buƙatar mota huɗu, haka nan iyayen da 'ya'yansu ke makaranta ɗaya. Ga mai zuwa Abuja daga Kaduna, jirgin ƙasa da ya fara aiki a 2016 yana kwasar ɗaruruwan mutane a tashi ɗaya, kuma hayaƙin da ke kan kowane fasinja bai kai na wanda ya shiga motarsa shi kaɗai ba.

Gajeriyar tafiya kuwa, zuwa masallacin Juma'a ko cefane a kasuwar unguwa, ƙafa da keke sun isa. Abin takaici ne yadda hawa keke ya zama abin kunya a birni, alhali iyayenmu da shi suka yi aikin gwamnati da fatauci. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiyar rabin awa sau biyar take cikawa, kuma hakan yana taimaka wa masu hawan jini da ciwon suga. Sai dai mai tafiyar ƙasa ya zaɓi lunguna da ƙananan tituna maimakon gefen babbar hanya, ya kuma guji lokacin tashin kasuwa.

Game da iskar gas ta CNG, wadda mota ke aiki da ita a madadin fetur, da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023, gaskiya ne hayaƙinta bai kai na fetur da dizal ba, kuma ta fi araha. Amma tukunyarta tana ɗaukar matsi mai ƙarfi ƙwarai, ba irin na tukunyar girki ba, don haka ba aikin mai walda a bakin titi ba ne. Fashewar da ta auku a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoba 2024 ta samo asali ne daga tukunyar da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba. Wanda zai mayar da motarsa ko adaidaitarsa ya je cibiyar da hukuma ta amince da ita, ya karɓi takardar shaidar aikin, ya kuma riƙa kai tukunyar ana duba ta.

Duk wanda sana'arsa ke kan titi kuma tarinsa ya kai mako biyu, ko numfashinsa ke yin shessheƙa da dare, ya zo asibiti a auna shi, domin tarin fuka ma da haka yake farawa, kuma gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware.