Caffè Lena

Caffè Lena ƙaramin zauren kiɗa da wasan kwaikwayo ne a garin Saratoga Springs da ke jihar New York ta Amurka, a saman bene mai lamba 47 a titin Phila. An buɗe shi a watan Mayun 1960, kuma ana ɗaukarsa gidan gahawa na kiɗan gargajiya mafi daɗewa yana aiki ba yankewa a faɗin ƙasar. Kujerunsa a yau kimanin 110 ne. Kiɗan da aka fi saninsa da shi uku ne: fok, wato waƙoƙin da talakawa suka gada baki da baki tare da sababbin da ake yi a kan salonsu, buluz na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, sai kiɗan banjo da gogen Turai na mazauna tsaunukan Appalachia. Ƙa'idar gidan ita ce idan mawaƙi ya hau dandamali, hira ta ƙare, kowa ya kasa kunne.

Kafuwa

Lena Spencer, wadda aka haifa a 1923 a garin Milford na jihar Massachusetts, 'yar Italiyawa ce da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ita da mijinta Bill Spencer, mai sassaƙa, suka kama hayar saman wani tsohon gini na ƙarshen ƙarni na 19, wanda a da masassaƙan katako ke aiki a ciki. Niyyarsu su tara kuɗi cikin 'yan shekaru su tafi Turai. Garin a lokacin ya dogara ne da sukuwar dawaki ta watan Agusta da ruwan maɓuɓɓugansa, sauran watanni kasuwa ta yi sanyi, haya kuma ta yi araha. Abin da ya ba su ƙwarin gwiwa shi ne kwalejin Skidmore, wadda a wancan zamani ta 'yan mata ce zalla. Mawaƙin da ya buɗe gidan shi ne Jackie Washington daga birnin Boston.

Lokacin ya dace. An buɗe gidan kiɗan Club 47 a Cambridge ta jihar Massachusetts a 1958, bikin kiɗan fok na Newport ya soma a 1959, matasa suna ta sayen jita suna neman inda za su zauna su ji waƙa ba tare da hayaniyar mashaya ba. A zamanin Lena ba a sayar da giya a gidan: gahawa ne, shayi, da kayan ƙwalama irin na Italiya.

Bob Dylan ya yi wasa a nan a watan Yulin 1961, yana ɗan shekara 20, watanni kaɗan kafin ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin faifai na Columbia. An ruwaito cewa 'yan kallo ba su ba shi hankalinsu ba a daren, har sai da Bill Spencer ya hau dandamali ya tsawata musu. Ya sake dawowa a farkon 1962.

A wajajen 1962 ne Bill ya bar gidan, ragama ta koma hannun Lena ita kaɗai, kuma ta riƙe ta shekara 27. Ita ke gayyato mawaƙa, ita ke karɓar kuɗin ƙofa, ita ke girki, mawaƙi kuma sau da yawa a wurinta yake kwana. Kuɗi bai taɓa wadata ba. Mawaƙan da suka yi suna daga baya sukan dawo su yi wasan tallafi don a biya haya, kuma a shekarunta na ƙarshe cikin gidan kiɗan take zaune. Utah Phillips, mawaƙin ƙungiyoyin ƙwadago, ya iso garin a 1969 ta hanyar mawaƙiya Rosalie Sorrels, ya mai da gidan mazauninsa na waƙa na tsawon lokaci. Dave Van Ronk, Arlo Guthrie, Don McLean, Emmylou Harris da Ani DiFranco duk sun hau wannan dandamali. An daɗe ana cewa a Saratoga McLean ya rubuta shahararriyar waƙarsa ta 1971, American Pie. Shi da kansa ya musanta.

Lena 'yar wasan kwaikwayo ce, don haka tun shekarun 1960 ta ware wani ɗaki a gefen zauren ana shirya wasanni a ciki, ita ma tana fitowa.

Dattawan buluz

Babban abin da gidaje irin wannan suka yi wa tarihin kiɗa shi ne ba wa tsofaffin makaɗan buluz wurin yin sana'a bayan duniya ta manta da su. Mississippi John Hurt ya naɗi faifai a 1928, ya koma noma a ƙauyen Avalon na jihar Mississippi, sai a 1963 masu bin diddigin tsofaffin faya-fayi suka gano yana raye. Skip James ya naɗi nasa a 1931, aka same shi kwance a asibiti a Tunica, can ma a Mississippi, a 1964. Reverend Gary Davis, makaho mai wa'azi, ya shafe shekaru yana kiɗa a bakin titi a unguwar Harlem ta birnin New York. Dukansu uku sun yi wasa a Caffè Lena. Hurt ya rasu a 1966, James a 1969, Davis a 1972, wato 'yan shekaru kaɗan ne matasa suka samu na zama kusa da su.

Kusancin kuwa shi ne darasin. Wanda ya ji faifan Hurt zai rantse mutum biyu ke kiɗa, amma wanda ya zauna taku uku daga gabansa zai ga sirrin: babban yatsa yana kai da komo tsakanin tsirkiyoyi masu kauri, bugu ɗaya nan bugu ɗaya can ba fashi, manuniya da ɗan tsakiya kuma suna fitar da amon waƙar a sirara. Skip James yakan sassauta tsirkiyoyinsa zuwa D A D F A D (kowane harafi sunan amon tsirkiya ɗaya ne), abin da ke ba kiɗansa wannan amo mai ratsa zuciya, ya ɗora siririyar murya a sama. Masu goga wuyan kwalba a kan tsirkiya sun fi son D G D G B D ko D A D F# A D, domin kwalbar ta kwanta a kan tsirkiya shida ta fitar da amo mai jituwa lokaci guda.

Baitin buluz da aka fi sani ɗango uku ne cikin ma'auni 12: a rera ɗango na farko, a maimaita shi, na uku ya zo da amsa. Tsofaffin makaɗan karkara ba sa ɗaure kansu da wannan lissafi. Sukan ƙara ko su rage yadda numfashin waƙar ya nema, shi ya sa raka su da kiɗa ke da wuya ga wanda ya koya a takarda. Mai busa hamonika yakan ɗauki wadda amonta ke sama da na waƙar da mataki huɗu: waƙa a E, hamonika ta A, waƙa a G, hamonika ta C. Ta haka ne amo masu muhimmanci ke faɗowa a kan zuƙar iska, inda ake iya lanƙwasa su.

Asalin banjo daga Afirka ta Yamma yake, daga dangin kayan kiɗa masu ƙoƙo da fata irin akontin na Jolawan Senegal da Gambiya, dangin da gurmi da garaya da molo suke ciki. Masanin kiɗa Gerhard Kubik ya yi hujja a 1999 cewa salon buluz na karkara ya fi kama da kiɗan yankin sabana, har da na masu goge Hausawa, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Wasu masana suna ganin kamannin bai kai a kira shi gado kai tsaye ba.

Yadda ake sarrafa sauti a irin wannan zaure

Zaure mai ɗaukar kimanin mutum ɗari ba ya buƙatar ƙara. Aikin na'ura shi ne ta ɗaga murya kaɗan har kalmomi su isa kujerar baya, mai sauraro kuma ya ji kamar daga bakin mawaƙin sautin ke fitowa. Kayan aikin kaɗan ne: mahaɗar sauti mai ƙofofi 8 zuwa 16, lasifika biyu masu fuskantar jama'a, ɗaya ko biyu a ƙasa masu fuskantar mawaƙi, makirufo huɗu zuwa shida, da akwatin DI biyu, wato ƙaramar na'urar da ke daidaita sautin kayan kiɗa kafin ya shiga mahaɗa.

Gwajin sauti ana yin sa awa ɗaya zuwa biyu kafin a buɗe ƙofa, kuma da murya ake farawa. A sa mawaƙi ya rera da ƙarfin da zai yi a ainihin wasa, a daidaita ƙarfin shigar sauti, a yanke duk abin da ke ƙasa da hez 80 zuwa 100 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar amo), domin can ne rugugin taku da na dandamali suke. Sannan jita. Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne saita makirufo a bakin ramin jitar: iskar da ke fita daga ramin tana da amo mai kauri a wajajen hez 100, sai kiɗan ya zama gunji. Wurin da ya dace shi ne inda wuya ya haɗu da jiki, tazarar santimita 15 zuwa 30. Idan jitar tana da na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiyoyi, a bi da ita ta akwatin DI; in aka cusa ta kai tsaye cikin mahaɗa, sautin yakan fito siriri mai ƙaiƙayi. Batirinta mai bolt 9 in ya yi rauni, kiɗan yakan soma karkarwa a tsakiyar wasa, don haka ake ajiye sabo a kusa. Makirufo nau'in kwandensa yana buƙatar wutar bolt 48 daga mahaɗa, kuma a rufe ƙofarsa kafin a kunna wutar, in ba haka ba lasifika ta yi tsawa. Idan makirufo biyu suna kusa, tazarar da ke tsakaninsu ta ninka tazarar kowanne da abin da yake ɗauka sau uku, don kada sautinsu ya cinye juna.

Babban abokin gaba shi ne kukan lasifika. Yana faruwa ne idan makirufo ya ɗauki sautin da lasifika ta fitar, ya mayar mata, ita ma ta sake fitarwa, abin ya yi ta zagayawa har ya zama ƙara mai huda kunne. Maganin farko na hannu ne, ba na na'ura ba. Lasifikokin jama'a su kasance gaba da layin makirufo. Ta ƙasa kuma a ajiye ta daidai bayan makirufon murya na yau da kullum irin SM58, inda ba ya ji. Makirufo masu matsattsen ji kuwa suna ɗan ɗauka ta baya, sai a karkatar da lasifikar gefe. A matso da baki: duk lokacin da aka rage tazarar baki da makirufo da rabi, an sami ƙarin desibel 6 na ƙarfin sauti ba tare da taɓa komai ba. Mawaƙi kada ya dunƙule kan makirufo da tafin hannu, domin hakan na toshe ramukan baya, sai ya riƙa ɗauka ta kowane ɓangare. Sai bayan duk wannan ne ake neman amon da ke kukan a rage shi shi kaɗai. Gurnani mai ɗorewa na hez 60 kuwa daga wayar wuta yake, kuma maɓallin katse layin ƙasa na jikin akwatin DI yakan kashe shi.

Zaure fanko da zaure cike sautinsu daban. Jikin mutane da tufafinsu suna shanye amsa-kuwwa, musamman siraran amo, don haka abin da ya yi kaifi a gwaji yakan daidaita idan jama'a sun zauna. Mai kula da sauti yakan yi ainihin gyaransa a waƙar farko.

Sanyin arewacin jihar New York ma yana da nasa sharrin. Jitar katako tana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin 100, na'urar ɗumama ɗaki kuwa takan saukar da shi ƙasa da 30, katako ya tsuke, fuskar jita ta tsage. Kayan kiɗan da aka shigo da shi daga mota mai sanyi ana barinsa cikin akwatinsa a rufe har ya ɗauki ɗumin ɗakin, sannan a buɗe a ɗaure tsirkiya.

Tsarin dare da kuɗi

Wasa yawanci kashi biyu ne, kowanne kimanin minti 45, da hutu a tsakani wanda a cikinsa ake sayar da gahawa da faya-fayin mawaƙi. Akwai daren da ake buɗe dandamali ga kowa a kowane mako: mutum ya rubuta sunansa, a ba shi waƙa biyu ko 'yan mintuna. Kuɗin tikiti na kujera 110 ba ya ɗaukar nauyin gida, shi ya sa ake dogaro da gudummawar mambobi da 'yan sa-kai masu hidimar tebur. Gidajen kiɗa a Amurka suna kuma biyan lasisi ga ƙungiyoyin kare haƙƙin mawaƙa irin ASCAP da BMI. Tsofaffin waƙoƙin gado da ba su da mai su ba sa cikin wannan lissafi.

Bayan Lena

Kwalejin Skidmore ta ba Lena digirin girmamawa a 1987. Ta rasu a watan Oktoban 1989 bayan ta faɗo daga matakalar gidan. Abokan gidan suka mai da shi ƙungiyar da ba ta neman riba, suka sayi ginin a 1998. Sarah Craig ta karɓi shugabancinsa a 1995. A 2013 aka fitar da littafin tarihinsa da faya-fayi uku na waƙoƙin da aka naɗa a zauren tun daga 1967, takardu da kaset-kaset ɗinsa kuma suna ajiye a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. An yi wa ginin babban gyara a 2016, aka faɗaɗa zauren, daga baya aka sa lif domin waɗanda ba sa iya hawa matakala. A lokacin annobar korona ta 2020 an ci gaba da wasa a zaure fanko ana watsawa ta intanet, kuma gidan yana da makarantar koyar da kiɗan gargajiya ga yara da manya.