Jirgin da ba a ganin wutsiyarsa, da mu da har yau muke jiran kansa

Ran Juma'a da dare muna zaune a fada nan Zengo cikin Damagaram, shayi na biyu na bisa wuta, wani ƙanenmu ya miƙo mini waya ya ce yaya dan Allah duba wannan, gaskiya ne ko haɗi ne? Bidiyon wani jirgin ƙasa ne cikin hamada, taragai na ta wucewa na ta wucewa, mai ɗauka har hannunsa ya gaji ya sauya hannu amma jirgin bai ƙare ba. Muka fara ƙirga, wajen tamanin da wani abu lissafi ya ɓace mana, wani ya ce ai Nasara ne suka maimaita hoton. Ba haɗi ba ne. Jirgin Muritaniya ne, kuma shi ma ba shi ne babban ba.

Babban dai, wanda har yanzu ba a ture shi ba, a Ostiraliya aka ja shi ran 21 ga watan Yuni 2001. Kamfanin BHP ya haɗa taragai 682 cike da taman ƙarfe, kawunan jirgi takwas, tsawonsa kilomita 7 da mita 353, nauyinsa duka ya kusa tan dubu 100, suka yi tafiyar kilomita 275 zuwa tashar ruwa ta Port Hedland, kuma direba guda ke riƙe da shi. Ka auna, in ka tashi daga kansa da ƙafa sai ka yi awa ɗaya da rabi kana tafiya kafin ka taɓa wutsiyar. Taman da ke ciki kaɗai tan dubu 82 ne, in a kamiyo mai tan 40 za a zuba sai an nemo kamiyo sama da dubu biyu, da direbobinsu da yaransu da gazuwal ɗinsu da tayoyin da za su fashe a hanya.

To yaya aka yi abu ya kai haka? Ba rana guda aka wayi gari ba. Jiragen farko a Ingila wajen 1825 gajeru ne, don ko an samu injin mai ja to tsayar da shi ne aiki, sai an sa mutane suna murɗa birki tarago tarago da hannu. A 1869 wani ɗan Amurka George Westinghouse ya fito da birkin iska, direba ya taɓa wuri ɗaya duk taragan su kama. Bayansa aka samu maƙala mai ƙarfi da ke haɗa tarago da tarago. Amma ko da haka in ka jera duk kawunan a gaba suna ja, nauyi na iya tsinka jirgin tsaka kamar tsohuwar igiyar guga, shi ya sa daga shekarun 1960 aka fara raba kawunan, wasu gaba wasu tsakiya wasu can baya, duk suna jin umarnin direba ɗaya ta rediyo. Sauran kuma lissafin kuɗi ne kawai: layi guda ne cikin daji, jirage ba su iya gitta juna sai a wurare ƙalilan, to gara ka aika ƙato guda da ka aika ƙanana goma.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk waɗannan ƙattin ba don mutane aka yi su ba. Don dutse aka yi su. Na Afirka ta Kudu daga ma'adinin Sishen zuwa bakin teku Saldanha, kilomita 861, tama yake ɗauka, taragai 342 a jirgi guda abin yau da kullum ne gare su. Na fasinja mafi tsawo kuwa a Suwis ne aka yi shi watan Oktoba 2022, taragai 100, bai ma cika kilomita 2 ba, kuma shi ma na biki ne na rana guda don cikar jirgin ƙasarsu shekara 175.

Mu koma kan na Muritaniya don shi ne ya fi kama da mu, ƙasarsu rairayi irin tamu. An buɗe layin a 1963, kilomita 704 daga Zuwerat inda ake haƙar tama zuwa Nuwadibu bakin teku. Kamfanin Turawa mai suna Miferma ya fara, a 1974 gwamnati ta karɓe, yanzu kamfanin gwamnati SNIM ke riƙe da shi. Jirgi ɗaya kan kai taragai 200 ko fiye, tsawo kilomita 2 da rabi har zuwa 3. Akwai wani abin dariya a tarihinsa, a wajen garin Shum layin ya so ya ɗan ratsa ƙasar da Sifaniya ke mulka a lokacin, ba su daidaita da Faransawa ba, sai aka fasa dutse aka yi ramin kusan kilomita 2 don kawai kada a taka ƙasar maƙwabci, cikin hamadar da ko akuya babu.

Mutanen wurin kuma ba su bar shi ya wuce a banza ba. Talaka na hawa bisa taman kyauta, da buhunan kayansa, wani har da tumakinsa, ya tona ɗan gurbi cikin baƙin gari ya shimfiɗa tabarma ya naɗe rawani sai ido kawai. Da rana ƙarfe ya yi zafi kamar tanda, da dare sanyi ya shiga ƙashi, in jirgin ya ja ko ya taka birki ƙarar maƙalai na tafiya daga kai har wutsiya kamar aradu. Ana kwana a hanya, kuma wanda ya sauka ko uwarsa sai ta duba da kyau kafin ta gane shi. Nasara masu yawon buɗe ido ma har kuɗin jirgin sama suka riƙa biya su zo su sha wannan wahala su ɗauki hoto, Allah mai iko.

In kuma zancen nisan tafiya ne ba tsawon jirgi ba, to Rasha ce uwa. Daga Mosko zuwa Baladibostok kilomita 9,289, an fara aikin 1891 aka gama 1916, kusan mako guda kana cikin tarago agogo na ta sauyawa. Mu da muke tashi da asuba a kar zuwa Yamai, kilomita wajen 900, mu isa da dare ƙafa a kumbure muna cewa mun sha hanya, to wannan sau goma kenan. A Ostiraliya akwai wurin da dogo ya miƙe sak kilomita 478 ba lanƙwasa ko ɗaya. Akwai kuma jirgin da ke ratsa tsakiyar ƙasar daga Adiled zuwa Darwin, ana ce masa Ghan, sunan ya samo asali daga masu raƙuman da aka kawo daga wajajen Afganistan, su ne ke jigila a hamadar kafin dogo ya zo ya karɓe musu sana'a. Da na ji wannan sai na tuna ayarin gishirin Bilma da Fashi, raƙumi bayan raƙumi a ɗaure da igiya madugu na gaba, ai mu ma mun san dogon jirgi tun kafin a san ƙarfe, namu dai ciyawa yake ci.

Damagaram fa, me ya hana? Ba wai ba a taɓa tunani ba. Faransawa sun daɗe suna mafarkin dogo da zai ratsa Sahara daga Aljeriya ya sauko ƙasashen baƙar fata. Sun aika Kanar Flatters ya auna hanya, a 1881 Buzayen Hoggar suka hallaka shi da mafi yawan mutanensa, magana ta kwanta. A 1941 lokacin yaƙin duniya suka sake tayar da ita, aka shimfiɗa ɗan guntu wajen garin Beshar na Aljeriya da gumin fursunoni, can ya tsaya cikin rairayi. Ingilishi kuwa tuni sun kai nasu Kano a 1911, Kauran Namoda 1929, Nguru 1930, duk a bakin hancinmu amma ba wanda ya tsallako iyaka. Gyaɗar Magarya da Matameye da fatun Damagaram sai a kai su Kano a raƙumi da jaki, daga baya a mota, sannan su hau dogo zuwa Ikko. Garin nan na Damagaram ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 amma bai taɓa jin kukan jirgi ba. Ta yamma ma haka, na Kwatano ya tsaya Faraku, na Abijan ya kai Wagadugu a 1954, sunan Nijar na jikin kamfanonin biyu amma ƙarfen bai iso ba.

Wani zai ce ai muna da yuraniyom tun 1971, me ya sa ba a yi mana irin na Muritaniya ba? Tama ana fitar da ita miliyoyin tan a shekara, yuraniyom kuwa bayan an tace shi 'yan dubban tan ne cikin duro, kamiyo ta isa. Man Agadem shi ma bututu aka ja masa. Mai jan dogo nauyin kaya yake dubawa, ba yawan mutanen da ke tsaye a tasha ba.

A zamaninmu an yi na Yamai zuwa Doso, kilomita 140 da 'yan kai, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, an buɗe tashar Yamai a 2014 da kiɗa da rawa, an yi bukin layin a farkon 2016, daga nan shiru, fasinja bai more shi ba. Sai kuma na Kano zuwa Maraɗi da Najeriya ta aza tubalinsa a watan Fabrairu 2021, kilomita 284 ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ƙanen nan namu da ya ji an ambaci Daura har ya miƙe zaune, ya ce yaya ai Daura nan ce kusa da mu, in aka gama ko a kabu-kabu sai in je in gan shi da idona. Mai shayi ya ce to kafin nan dai miƙo kofi, na uku ya nuna.