Cin ƙasa da ƙanƙara ba kwaɗayi ba ne kawai

A wajen awon ciki a nan Jos, da wuya mace ta faɗa da bakinta cewa tana cin ƙasa, sai an tambaye ta. Wata farar ƙasa take saya a kasuwa, wata jikin katanga take ɓantara, wata gawayi ko alli, wata kuma ƙanƙara take gurguɗa ko da sanyin Disamba. A gida sai a ce laulayi ne, zai wuce. Likitoci suna ce wa wannan pika: mutum ya yi wata guda ko fiye yana cin abin da ba abinci ba. Yaron da bai kai shekara 2 ba ba ya ciki, don shi komai ya samu baki yake kaiwa.

Sau da yawa ƙarancin ayan, sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, shi ne tushen abin. Ƙasar kuwa ba ta gyara komai, sai ma ta riƙe ayan ɗin abinci a hanji ta hana jiki amfana da shi. Ga ƙwan tsutsar ciki, ga toshewar hanji, ga dalma da akan samu a cikin wata ƙasar da ake ci, wadda ke ratsa mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010.

'Yar'uwa, ki faɗa wa ma'aikaciyar awo abin da kike ci, yawansa a rana, da lokacin da kika fara. Babu abin kunya a ciki. Za a auna jini da bayan gida. Awon himogulobin, wato awon ƙarfin jini, idan ya gaza 11 ga mai ciki ƙarancin jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ayan miligiram 30 zuwa 60 tare da bitamin ɗin folik asid kullum. Kada ki kora shi da shayi ko madara, suna rage shigarsa jiki. Lemun zaƙi ya fi. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba matsala ba ce. Mai sikila kuwa, ko da yana cin ƙasa, kada ya sha ayan sai likita ya ce.

Ba pika ce kaɗai matsalar cin abinci ba. Akwai kuma yaron da ake cewa tsirfa ce da shi: abinci kala biyu ko uku kaɗai yake yarda da su, wari ko laushin saura na tayar masa da zuciya, ko kuma ya taɓa shaƙewa tsoro ya kama shi. Idan yana ramewa ko girmansa ya tsaya, ciwo ne. Ɗura da duka ƙara masa tsoro suke yi, kuma ɗura na iya tura kunu cikin huhu.

Wani kuma a ɓoye yake narkar abinci, ya kasa tsayawa har ciki ya yi ciwo, kunya ta biyo baya. Idan hakan na faruwa ko sau ɗaya a mako har wata 3, yana buƙatar magani. Haka wanda abinci ke dawo masa baki ba tare da yunƙurin amai ba.

A fara da asibitin unguwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, inda ake da likitocin yara da na ƙwaƙwalwa. Amma idan ciki ya kumbura, bayan gida ya tsaya ga amai, ko mutum ya suma, a wuce sashen gaggawa nan take.