Kwaɗon da ke jikin garin kakawo: mene ne "kakawo mai shaida"?

Yayata tana gasa gato a nan Yamai, na biki da na suna, tana kuma kai wa shagunan unguwa. Rannan mai kawo mata kaya ya zo da wani sabon garin kakawo, jikin ledar da ɗan koren kwaɗo cikin da'ira. Ta ɗaga ledar ta juya ta, ta ce da ni, "Kai da ka yi boko, duba mini. Kar in je in ciyar da mutane abin da bai halatta ba." Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki, babu kwaɗo a ciki, tambari ne." Sai ta ce, to tambarin me, kuma don me ya fi wancan tsada?

Kakawo dai shi ne abin da ƴan'uwanmu na Nijeriya ke kira koko, ba kokon da ake sha da ƙosai ba, ƴaƴan itacen kurmi da ake yin cakulan da su. Kusan kashi 60 cikin 100 na wanda duniya ke ci daga Kwadibuwa da Gana yake fitowa. Idan aka ce kakawo mai shaida, ana nufin wata ƙungiya mai zaman kanta ta gindaya sharuɗɗa, an tura masu bincike wurin manoman, sannan aka yarda kamfani ya buga tambarinta a kan kaya.

Kwaɗon nan na ƙungiyar Rainforest Alliance ne, wadda aka kafa a Amurka a 1987, ta kuma haɗe da wata ƙungiyar ba da shaida mai suna UTZ a 2018. Ita hankalinta ya fi karkata ga daji da ƙasa da yadda ake fesa magani, tare da haƙƙin ma'aikatan gona. Ɗaya babban tambarin shi ne Fairtrade, mai hedikwata a Bon ta Jamus tun 1997, kuma shi maganar kuɗi ya sa gaba. Yana yanka farashin da ba za a sayi kaya ƙasa da shi ba, ya ɗora wani ƙari da ke shiga asusun ƙungiyar manoma, su zauna su yanke ko rijiya za a gina ko aji. A 2019 ya sa dala 2,400 kan kowane tan, ƙarin kuma dala 240.

Ba haka kawai aka tashi da waɗannan tambura ba. Tun 2001 manyan kamfanonin cakulan suka sa hannu a yarjejeniyar Harkin da Engel (ƴan majalisar Amurka biyu da suka jagorance ta) cewa za su kawar da mafi munin aikin yara a gonakin kakawo. Sai ga binciken cibiyar NORC ta Jami'ar Shikago a 2020 ya nuna yara kimanin miliyan 1.56 na aikin gonakin kakawo a Kwadibuwa da Gana, galibinsu da adda a hannu ko kaya mai nauyi a ka. Mu da muka tashi ana zuwa gona da mu mun san taya iyaye aiki ba laifi ba ne. Amma yaron da ya bar makaranta yana zirga-zirga inda ake feshin guba, wannan wani abu ne daban. Ga kuma dajin Kwadibuwa da aka sare mafi yawansa tun daga 1960, noman kakawo na cikin manyan dalilan.

Abin da na fi so Yaya ta gane, wanda masu talla ba su cika faɗa ba, shi ne tambarin ba lallai yana nufin garin da ke cikin ledarta daga gonar da aka bincika ya fito ba. Akwai tsarin da ake kira daidaita awo, kuma duka ƙungiyoyin biyu sun amince da shi a kakawo. Kamfani ya sayi tan 100 mai shaida, ya zuba a injin tare da maras shaida, sannan ya sami izinin buga tambari a kan kayan da suka yi daidai da tan 100 ɗin. Kamar rumbun tsimi ne na gari: ka zuba tiya goma ta gero, ranar ɗiba a ba ka tiya goma, amma ba ƙwayoyin da ka zuba ba. Kuɗin ya isa ga manomin, wannan gaskiya ne. Gano asalin buhu kuwa sai an nemi wanda aka ware tun daga gona, shi ma ya fi tsada.

A ganina tambarin yana da amfani, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Masu bincike kan zo ne lokaci-lokaci, su duba wasu gonaki kaɗan cikin dubbai. Ƙungiyar manoma ce ke biyan kuɗin binciken, kuma sau da yawa wani ɓangare kawai na amfaninta take samun mai saye da farashin shaida, sauran ya tafi kasuwa kamar kowane. Ban da tamburan, gwamnatocin Gana da Kwadibuwa da kansu sun ɗora wa masu saye ƙarin dala 400 kan kowane tan don manoma daga kakar 2020, Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 da za ta hana shigar da kakawon da aka noma a dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020.

Yaya ta saurara har na gama, ta ɗauko littafin lissafinta. Tun da farashin tan ya haura dala 10,000 a 2024 take rage cakulan a gatonta, kuma babu mai biki a Yamai da ya taɓa tambayarta kwaɗo. Ta yanke za ta riƙa sa mai tambarin a manyan oda, inda kuɗin zai ɗauka. Ta kuma buga wa mai kawo mata kaya waya, ta ce in zai zo ya taho da kwalin da ledojin suka zo a ciki, tana so a karanta mata ko na daidaita awo ne ko wanda aka ware.