Bambance Ƙananan Dabbobin Wizil a Sana'ar Ɗana Tarko

Wizil suna ne na wasu ƙananan dabbobi masu cin nama, masu siririn jiki da gajerun ƙafafu, 'yan dangin da masana ke kira Mustelidae. Sun fi yawa a ƙasashen sanyi na arewacin duniya. Babu su a ƙasar Hausa, amma bodari da dage danginsu ne; tunku kuwa, duk da kamar da yake yi da su, daga wani dangi dabam ya fito. Uku daga cikinsu ne suka fi rikita masu ɗana tarko: ƙaramin wizil (Mustela nivalis), da sitot (Mustela erminea), da wizil mai doguwar wutsiya (Neogale frenata). Duk ukun bayansu ruwan ƙasa ne, cikinsu fari ko ruwan madara, ɓeraye suke farauta, kuma tarko ɗaya ke kama su.

Inda ake samunsu

Ƙaramin wizil shi ne mafi ƙanƙanta a duk rukunin dabbobi masu cin nama. Yana nan a Turai da arewacin Asiya da Arewacin Amurka, har da wasu sassan Arewacin Afirka kamar Maroko da Aljeriya. Sitot ma ya bazu a Turai da Asiya da arewacin nahiyar Amurka, sai dai babu shi a Afirka. Mai doguwar wutsiya ɗan nahiyar Amurka ne kawai, daga kudancin Kanada har zuwa arewacin Kudancin Amurka. Saboda haka mai tarko a Birtaniya nau'i biyu yake bambancewa, na yankin manyan tafkunan Amurka kuwa yana iya cin karo da duka ukun a gona ɗaya. Masanin halittu ɗan Suwidin, Linnaeus, shi ne ya raɗa wa sitot sunansa na kimiyya a 1758, ƙaramin wizil kuma a 1766.

Alamomin da ake dubawa

Girman jiki shi ne abin da ido ke fara gani, kuma shi ne mafi yaudara. A duk nau'o'in nan namiji ya fi mace girma sosai, wani lokaci ya kusa ninka ta a nauyi. A Arewacin Amurka macen mai doguwar wutsiya da namijin sitot kan zo kusan daidai, haka ma ƙaramar macen sitot kan yi kusa da namijin ƙaramin wizil. Girman kuma yana sauyawa da ƙasa: sitot na Birtaniya, wanda namijinsa kan kai kimanin giram 300, ya fi ɗan'uwansa na Kanada nesa ba kusa ba, ƙaramin wizil na Arewacin Amurka kuwa da wuya ya wuce giram 60. Shi ya sa ƙwararru kan fara tantance ko namiji ne ko mace kafin su ɗauko ma'auni.

Wutsiya ta fi komai faɗin gaskiya. Ta sitot tana da baƙin baki, baƙi wuluk, wanda ba ya gushewa rani da hunturu, kuma tsawonta ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon kai da gangar jiki. Ta ƙaramin wizil guntuwa ce, ba ta kai kwata ba, kuma babu baƙin baki, sai dai wasu 'yan silin baƙin gashi a wasu lokuta. Mai doguwar wutsiya shi ma yana da baƙin baki, don haka tsakaninsa da sitot sai an auna: littattafan gane dabbobi da dama sun sa iyaka a kashi 44 cikin ɗari na tsawon kai da gangar jiki, wato idan wutsiyar ta zarce haka, mai doguwar wutsiya ne. Ana auna ƙashin wutsiyar ne, ban da gashin da ya zarce shi, kuma kafin a feɗe, domin fata kan miƙe a kan katakon busarwa.

A lokacin zafi ƙafafu na taimakawa. Sitot na Amurka yana da fararen ƙafafu da farin layi da ya bi ta cikin ƙafar baya ya haɗe da ciki, mai doguwar wutsiya kuwa ƙafafunsa ruwan ƙasa ne, cikinsa ya karkata zuwa rawaya. A Birtaniya iyakar da ta raba launin baya da na ciki ake dubawa: ta sitot miƙaƙƙiya ce, ta ƙaramin wizil a karkace take, kuma sau da yawa akwai ɗigon ruwan ƙasa a gefen maƙogwaronsa. Sitot na Ailan ya saɓa wannan ƙa'ida, tasa iyakar ma a karkace take, amma bai cika rikita kowa ba tunda babu ƙaramin wizil a tsibirin ko kaɗan.

Sawu a dusar ƙanƙara yana fitowa bibbiyu saboda tsalle suke yi, amma ba ya isa hujja shi kaɗai.

Farin gashin hunturu

A yankunan arewa dukkansu sukan kaɗe gashi su zama fari fat, kuma raguwar tsawon yini ce babban abin da ke tayar da wannan sauyi. Lokacin ne fatar ke da daraja, kuma lokacin ne alamomin ƙafa da ciki ke ɓacewa, ya rage saura wutsiya. A 1982 masani Roger Powell ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da shahuna horarru, inda ya nuna cewa baƙin bakin wutsiya yana ɗauke hankalin tsuntsu mai kai sura, ya kai wa wutsiya farmaki ya kuskure jiki. A bisa wannan bayani, wutsiyar ƙaramin wizil ta yi gajarta da yawa, baƙin ɗigo a kanta zai jawo farmakin kusa da jiki ne.

Tarihi

Farar fatar sitot, wadda ake kira armin a kasuwa, ta daɗe tana cikin kayan sarauta a Turai. Akan ɗinka fatun da yawa a jere, a liƙa baƙaƙen bakin wutsiyoyin a kai, su fito ɗige-ɗige a bakin alkyabbar sarakuna da alƙalai da 'yan majalisar dattawan Birtaniya. Wannan zane ne ke kan tambarin yankin Biritani na Faransa. Mafi yawan fatun daga Saberiya da arewacin Rasha suke fitowa, inda fatun dabbobi suka kasance harajin da 'yan ƙasa ke biya tun wajen ƙarni na 17, daga baya kuma Kanada ta shigo ta hannun kamfanin Hudson's Bay da aka kafa a 1670. Fatake ba su damu da sunan kimiyya ba: farar fata mai baƙin bindi duk armin ce, ta sitot ce ko ta mai doguwar wutsiya, girma da fari kawai ke yanke kuɗi. Fatar ƙaramin wizil ba ta taɓa yin wata daraja ba saboda ƙanƙanta.

Labarin Niyu Zilan ya fi kowane tsawo a wannan babi. A shekarun 1870 zomaye da Turawa suka kai ƙasar sun cinye makiyayar tumaki, har makiyaya suka matsa wa gwamnati a kawo abokan gabar zomo. Masana tsuntsaye irin su Walter Buller a can da Alfred Newton na Jami'ar Kambirij sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba. Daga wajen 1884 aka riƙa jigilar sitot da ƙaramin wizil daga Ingila, da yawansu daga gundumar Linkonsha, bayan an riga an fara sakin faret, babban ɗan'uwansu mai baƙin tabo a fuska. Doka ma ta ba su kariya, kuma ba a janye ta gaba ɗaya ba sai 1936. Ba su gama da zomayen ba, suka shiga daji suka faɗa wa tsuntsayen da ba sa tashi, irin su kiwi da kakapo. Daga 1894 Richard Henry, mai kula da tsibirin Resolution, ya kwashe ɗaruruwan irin waɗannan tsuntsaye zuwa can don ya tsirar da su, amma a 1900 aka ga sitot a tsibirin, ya ƙetaro ta iyo.

Sitot da ƙaramin wizil da faret ba su yi tasiri iri ɗaya a can ba. Sitot ya mamaye dazuzzuka, kuma yawansa kan hauhawa a shekarar da itatuwan dajin da ake kira bic suka zubar da iri da yawa, ɓeraye suka ƙaru. Ƙaramin wizil bai yawaita ba. Faret ya fi zama a filayen kiwo inda zomaye suke. Don haka masu aikin kare tsuntsaye ke rubuta nau'in duk abin da tarko ya kama, ko da ya fara ruɓewa. Hukumar kula da muhalli ta ƙasar ta fito da tarkunan ƙarfe masu suna DOC 150 da DOC 200 da DOC 250, na ƙarshen shi ne mai ƙarfin kashe faret. A 2016 gwamnati ta sanar da ƙudurin kawar da waɗannan dabbobi, tare da ɓeraye da fosom (wata dabba mai hawan itatuwa), nan da 2050.

Tarko da doka

A Kanada da arewacin Amurka akan yi amfani da ɗan akwatin katako mai rami kamar santimita 5, a sa ɗanyen nama ko hanta a ƙurya, tarkon kuma a bakin ƙofa daga ciki. Akwatin ba ya zaɓen nau'i. Wasu jihohin Amurka sun yarda a kama mai doguwar wutsiya amma sun hana taɓa ƙaramin wizil saboda ƙarancinsa.

A Birtaniya lamarin ya juya. Yarjejeniyar 1997 tsakanin Tarayyar Turai da Kanada da Rasha kan tarkon da ba ya azabtar da dabba ta ambaci sitot, ba ta ambaci ƙaramin wizil ba. Daga 1 ga Afrilu 2020 aka hana kama sitot da tsohon tarkon Fenn da masu gadin gandun farauta suka daɗe suna amfani da shi. A tsibiran Okni na Sikotlan, inda aka fara ganin sitot a 2010, an soma aikin kawar da shi a 2019.

Saɓanin masana

A 2021 wasu masana suka ware sitot na mafi yawan Arewacin Amurka a matsayin nau'i mai zaman kansa, Mustela richardsonii, da na tsibiran Haida Gwaii da ke gaɓar yammacin Kanada, Mustela haidarum. A shekarar ce kuma aka fitar da mai doguwar wutsiya daga Mustela zuwa Neogale. Tsofaffin littattafai da dokokin farauta da yawa suna nan da sunayen dā. Wizil na Masar, wanda ke zaune cikin gidajen Alƙahira, wasu na ƙirga shi nau'i dabam, wasu kuma reshen ƙaramin wizil.